Wai da gaske bitamin E na wanke jijiyoyin jini?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimi a taimaka min. An yi wa mahaifinmu gwajin jini aka ce kolestarol ɗinsa ya hau, musamman wanda ake kira LDL. Likita ya rubuta masa statin, wato maganin rage kolestarol, Baba ya ce shi ba inda ke masa ciwo, ba zai ɗora wa kansa maganin kullum ba. Sai wata 'yar'uwarmu ta kawo masa kwalbar bitamin E, ta ce ai kolestarol ba shi da laifi, sai ya yi tsatsa a jiki sannan yake toshe jijiya, bitamin E kuma shi ke hana tsatsar. Yanzu Baba ya riƙe wannan magana gam. Gaskiya ce ko kuwa?

Abu Fadil: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwarku ta san abin da take yi. Na fi shekara shida ina harkar waɗannan ƙwayoyi na ƙarin lafiya, kuma abin da masana suka tabbatar ke nan. Ki bar shi ya ci gaba da sha, ya haɗa da bitamin C.

Nura Ɗalibi: Yaya Maman Hanifa, maganar tana da asali, ba daga sama ta faɗo ba. A kanta nake rubutun kammala digiri, don haka a yi min haƙuri in na ja ta da tsawo.

A Dallas ta Amurka akwai likitoci biyu, Michael Brown da Joseph Goldstein. A farkon shekarun 1970 suka gano cewa kusan kowane sel, wato ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita, yana da wata makarɓa a fatarsa wadda ke kama LDL ta shigar da shi ciki, kuma a kan haka aka ba su kyautar Nobel a 1985. Wannan makarɓa tana da hankali: da zarar sel ya ƙoshi da kolestarol sai ya rage yawanta, ya daina karɓa. To a nan aka shiga ruɗani. In aka yanka jijiyar da ta fara toshewa aka duba a madubin likita, abin da ake gani shi ne sojojin garkuwar jiki da ake kira makrofaj sun cika cikinsu da kitse har sun koma kamar kumfar sabulu. Ta yaya suka ƙoshi haka alhali ƙofar tana rufe kanta? Abin da ya ƙara ɗaure kai, akwai yaran da ake haifa da ciwon gado, ba su da wannan makarɓa mai aiki ko kaɗan, amma jijiyoyinsu sun fi na kowa cika da waɗannan sel masu kumfa, wasu ma bugun zuciya ke kama su tun ba su balaga ba. Ke nan akwai wata ƙofar daban.

A 1979 suka same ta. Suka ɗan jirkita LDL da sinadari a ɗakin gwaji, sai makrofaj ya dinga haɗiye shi ba ƙaƙƙautawa, ta wata makarɓa da ba ta san ƙoshi ba. Sunan da suka ba ta, in za a faɗe shi da namu harshe, makarɓar 'yan bola jari ce, don aikinta tsince duk wani tarkace: ƙwayoyin cuta, matattun sel, lalataccen furotin.

Malam Garba Tsohon Hedimasta: Bola jari a cikin jini kuma! Allah mai iko. Ci gaba ɗana, muna ji.

Nura Ɗalibi: Na gode Baba. Matsalar da ta rage ita ce irin jirkitawar da suka yi wa LDL ba ta faruwa a jikin mutum. Sai Daniel Steinberg da mutanensa a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego suka nuna a 1981 cewa in aka bar LDL tare da sel ɗin da ke shimfiɗe a bangon jijiya, yakan sauya har makrofaj ya fara haɗiyarsa. A 1984 suka gano sauyin: iskar oksijin ce ke lalata man da ke cikinsa, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa ko mai ya ɓaci. Da suka zuba bitamin E a kwanon gwajin, sai lalacewar ta tsaya. Daga baya aka ba wa zomaye masu ciwon kolestarol na gado wani magani mai hana tsatsa, probucol, a 1987, sai toshewar ta ragu sosai. Su kansu makarɓun bola jarin ashe suna da yawa, an kuma gano su ɗaya bayan ɗaya: SR-A a 1990, CD36 a 1993, LOX-1 a Japan a 1997. 

Abu Fadil: Kun ji ko? Allah ya yi maka albarka Nura. Ba ni na faɗa ba, ga ɗan jami'a.

Dakta Zainab: Abu Fadil, dakata da murna tukuna, ƙanina Nura rabin labarin ya bayar, kuma na san ya san sauran. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Amma a kwanon gwaji aka yi shi, da jikin zomo. Baban Maman Hanifa kuwa mutum ne, kuma an gwada abin a jikin mutane, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Da farko ya yi kamar zai yi kyau. A 1993 aka fitar da sakamakon bibiyar ma'aikatan jinya mata sama da 87,000 da ma'aikatan lafiya maza kusan 40,000 a Amurka, aka ga masu shan bitamin E na tsawon lokaci sun fi sauran ƙarancin ciwon zuciya da kusan kashi 40 cikin 100. Likitoci da yawa su kansu suka fara sha. Amma bibiya daban, gwaji daban. Wanda ke sayen bitamin da kansa yana sha kullum, galibi shi ne kuma ba ya shan taba, yana motsa jiki, yana zuwa asibiti a kan lokaci. Ba za ka san wanne ya cece shi ba sai ka jefa ƙuri'a: wannan a ba shi na gaske, wancan a ba shi ƙwayar wofi, ba wanda ya san abin da yake sha.

Da aka yi hakan ga abin da ya fito. Gwajin HOPE, mutum 9,541, sakamako a shekarar 2000: bitamin E bai rage bugun zuciya ba, bai rage shanyewar ɓarin jiki ba, bai rage mutuwa ba. Da aka ci gaba da bin su har zuwa rahoton 2005, masu shan bitamin ɗin ma sun ɗan fi samun gazawar zuciya. Wanda ya fi burge ni shi ne na Ingila da aka fitar a 2002, mutum 20,536, shekara biyar, domin a cikin gwaji guda aka auna abu biyu: simvastatin, wani nau'in statin, a gefe ɗaya, haɗin bitamin E da C da beta-karotin a ɗaya gefen. Bitamin ɗin ya shiga jini, an auna an gani, amma bai taɓa komai ba. Statin kuwa ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mutane ɗaya, lokaci ɗaya, likitoci ɗaya. Wane alƙalanci ya wuce wannan?

Abu Fadil: To ko bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa, Dakta. Bitamin ne fa, ba guba ba.

Hajiya Rabi Famasi: Malam Abu Fadil, wannan kalmar ce na fi jin tsoro a bakin mutane. A Finlan an ba wa maza masu shan taba su 29,133 beta-karotin da bitamin E, aka fitar da sakamako a 1994: waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka aka yi makamancinsa, dole aka tsayar da shi a 1996 kafin wa'adinsa saboda abu guda. Garin neman gira aka rasa ido. Shi kuma bitamin E mai yawa yana rage daskarewar jini. A gwajin da aka yi da likitoci maza sama da 14,000, wanda aka fitar a 2008, masu shansa sun fi samun shanyewar jiki irin ta fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Maman Hanifa, Baba yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini?

Maman Hanifa: Yana shan asfirin ƙarami, Hajiya, da na hawan jini. Innalillahi.

Hajiya Rabi Famasi: Kada ki firgita, ba cewa na yi wani abu zai same shi gobe ba. Amma ki ɗauki kwalbar ki kai wa likitansa ya gani da idonsa.

Malam Garba Tsohon Hedimasta: Ni abin da ke damuna da masu binciken nan, yau su ce fari gobe su ce baƙi. Na rayu na ga lokacin da ake cewa kowa ya sha bitamin, yanzu kuma ga shi ana cewa a bari. Wa ya tabbatar mana shi statin ɗin ba za a wayi gari a ce kuskure ne ba? Shi kansa kolestarol ɗin, ba jiki ne ke yin abinsa ba? Ubangiji zai sa hanta ta riƙa ƙera guba?

Dakta Zainab: Baba, tambayarku tana kan hanya. Jiki ne ke yin mafi yawansa, kuma ba a rayuwa sai da shi: da shi ake gina fatar kowane sel, da shi ake yin ruwan matsarmama da wasu sinadaran jiki. Sukari ma ba a rayuwa sai da shi, amma kun san abin da yake yi in ya yi yawa a jini. Batun yawa ne da daɗewa.

Bambancin LDL da bitamin shi ne ta kowace kusurwa aka zo masa, amsa ɗaya ake samu. Tun 1913 Nikolai Anichkov a Rasha ya ciyar da zomaye kolestarol ya ga jijiyoyinsu sun yi irin tabon da ake gani a mutane, aka yi shekaru ana masa dariya wai zomo ciyawa yake ci. Binciken garin Framingham da aka fara a 1948 da mutum 5,209 ya nuna alaƙar a jikin mutane. Masu ciwon gadon da Nura ya ambata, LDL kaɗai ya ishe su, ba taba ba hawan jini. A 1994 gwajin ƙasashen Sikandinebiya da mutum 4,444 masu ciwon zuciya ya nuna simvastatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100. Sannan ga wanda na fi so. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen suka ba da rahoton wasu baƙaƙen fata 'yan Amurka da aka haifa da nakasu a ƙwayar gadon PCSK9. Nakasun alheri ne, domin LDL ɗinsu ya yi ƙasa da na sauran da kashi 28 kawai, amma ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88 a tsawon shekara 15. Ba kamfanin da ya ba su komai, haka aka halicce su. Ragi kaɗan ne, amma tun daga ranar haihuwa.

Kuma don kada a ce ina kare masu bincike, sun sha ƙasa a kan HDL ma, wanda ake kira kolestarol mai kyau. An yi magani, torcetrapib, ya ɗaga shi sama sosai, sai mutuwa ta ƙaru, aka dakatar a ƙarshen 2006.

Nura Ɗalibi: Anti Dakta, na yarda da duk alƙalumanki, amma ban yarda a ce ka'idar tsatsa ta mutu ba. Faɗuwar bitamin E faɗuwar bitamin E ce. Dabbobin nan tun suna ƙanana, kafin tabo ya kafu, ake fara ba su magani. Mutanen gwaji kuwa 'yan shekara 60 ne da ɗoriya, wasu har sun taɓa yin bugun zuciya. Gida ya riga ya ci wuta sannan aka kawo guga. Na biyu, tsatsar ba a cikin ruwan jini take faruwa ba, a can cikin bangon jijiya ne, kuma su sojojin garkuwar da kansu ke haddasa wani ɓangarenta. Suna da wani sinadari, mayeloferoksidas, da ke samar da irin abin da ke cikin bilic don kashe ƙwayoyin cuta, kuma bitamin E ba ya tare wannan hanyar. Na uku, a manyan gwaje-gwajen ba a zaɓo masu yawan tsatsa ba, ba a kuma auna ko ta ragu a bangon jijiyar ba. Kamar a gwada maganin hawan jini ne ba tare da an auna jinin kowa ba.

Dakta Zainab: Hujjojinka uku masu nauyi ne, shi kansa Steinberg irinsu ya riƙa kawowa. Amma ƙanina, ka lura da abin da ke faruwa: kafin gwaji an ce zai yi aiki, bayan ya faɗi aka ce ai dama ba haka ya kamata a gwada ba. Mai yiwuwa gaskiya ne. Sai dai har yau ba a kawo mai hana tsatsar da ya ci jarrabawar ba. An gwada wani ɗan'uwan probucol, succinobucol, a mutum sama da 6,000, bai cimma abin da aka sa masa a gaba ba. Sannan faɗa wa zaure labarin ɓerayen, kada ka ɓoye.

Nura Ɗalibi: Kin kama ni. A 1997 aka cire wa ɓeraye SR-A, tabo ya ragu. A 2000 aka cire CD36, ya ragu. Kowa ya ce shi ke nan an gano ɓarawon. Sai a 2005 Kathryn Moore da abokan aikinta a Boston suka maimaita, suka ga tabon bai ragu ba, sel masu kumfa suna nan birjik. Ashe makrofaj yana da wasu hanyoyin: yana kurɓar ruwan da ke kewaye da shi da duk LDL ɗin da ke ciki, yana kuma haɗiye wanda ya dunƙule. Wasu ma daga cikin masu kumfar ba makrofaj ba ne, sel ɗin tsokar bangon jijiya ne suka rikiɗe. Wallahi ranar da na karanta wannan sai da na sake babi guda.

Malam Garba Tsohon Hedimasta: Madalla da ɗalibin da ke faɗin abin da ya rushe masa babi. Da ina aji da na ba ka maki.

Ummu Sudais: Ni dai ban gane komai a CD kaza ba, amma ina da tambaya. Su sojojin nan taimako suke yi ko ɓarna? Na ji kamar shara suka je kwashewa.

Dakta Zainab: 'Yar'uwa, kin gane fiye da yadda kike zato. Shara suka je kwashewa, sharar ta fi ƙarfinsu. LDL ya ratsa shimfiɗar jijiya ya maƙale a bango, musamman inda jijiya ta yi reshe ko lanƙwasa, kuma taba da hawan jini da ciwon sukari suna ƙara buɗe masa hanya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makrofaj ya zo ya haɗiye, ya kasa fita, ya kira 'yan'uwansa, ya mutu a wurin, gawarsa da kitsen cikinsa su zama wani sabon tarkacen. Jiki ya yi wa wurin murfi na zare-zare, daga baya alli ya zauna, jijiya ta yi tauri. Ba kamar bututun ruwa ba ne da datti ke taruwa a cikinsa a zo a wanke, a cikin naman bangon abin yake, shi ya sa kalmar wanke jijiya ba ta da ma'ana. Kuma sau da yawa ba cikewar hanya a hankali ke kashe mutum ba, murfin ne ke yagewa, jini ya daskare a kai nan take.

A nan ne zan ba Nura nasa. Ɓangaren garkuwar jiki ya ci tasa jarrabawar. A 2010 aka nuna cewa ƙanƙarar kolestarol da ke cikin makrofaj tana kunna wata na'urar kumburi, NLRP3, wadda ke sakin sinadarin IL-1 beta. A 2017 gwajin CANTOS ya ba mutum 10,061 da suka taɓa bugun zuciya allurar canakinumab mai toshe wannan sinadari ko ta wofi. LDL bai motsa ba, amma sabon bugu da shanyewar jiki sun ragu da kusan kashi 15 cikin 100 ga waɗanda aka ba matsakaicin awon allurar. Sai dai mutuwa ta sanadin ƙwayoyin cuta ta ƙaru, tunda sojojin aka ɗaure wa hannu.

Nura Ɗalibi: Kuma CD36 tana da hannu a kunna wannan na'urar, Anti, in ta kama LDL mai tsatsa. Kin ga mun dawo gidana.

Dakta Zainab: A ɓera, Nura. A ɓera.

Abu Fadil: Duk kun yi turancinku da Hausa, amma ba wanda ya faɗi illar statin. Mutane nawa ke kukan ciwon jiki? Kamfanoni ne ke biyan kuɗin binciken nan don su sayar da hajarsu.

Hajiya Rabi Famasi: Shi bitamin ɗin a bishiya yake tsirowa da kwalbarsa? Kamfani ne ke yin sa, kuma kai ma sayarwa kake, ba gori ba. Illar statin gaskiya ce: ciwon tsoka ga wasu, ɗan ƙarin yiwuwar ciwon sukari ga wanda dama yake bakin gaɓa, da lalacewar tsoka mai tsanani wadda ba kasafai ake ganinta ba. Amma a Landan an yi wani ɗan gwaji mai wayo da aka fitar a 2020. Mutum 60 da suka bar statin saboda illa, aka ba su kwalabe na wata-wata, wata da statin, wata da ƙwayar wofi, wata ba komai. Kusan kashi 90 na ciwon da suka ji da statin sun ji shi da ƙwayar wofin ma. Ciwon na gaske ne, ba ƙarya suke ba, sai dai ba sinadarin ne ya kawo mafi yawansa ba. Wanda ya ji ciwo ya koma a sauya masa iri ko a rage awo.

Abu Fadil: Hajiya kin taɓa ni, amma na ji. Zan duba wannan na Finlan ɗin da kaina.

Shugaban Zaure: A riƙa sassauta harshe don Allah. Kuma tunatarwa, an hana talla a nan, kowane iri.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ban san me zan ce wa Baba ba in ya ce min shi lafiyarsa ƙalau.

Dakta Zainab: Ba zan rubuta wa Baba magani ta waya ba, likitan da ya gan shi ya haɗa shekarunsa da hawan jininsa da sauran sakamakon kafin ya yanke. Amma batun ba ya jin ciwo, ki ba shi wannan labari. A 1953 aka fitar da binciken gawarwakin sojojin Amurka 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22. Sama da kashi uku cikin huɗu an sami alamar wannan ciwo a jijiyoyin zuciyarsu. Samari majiya ƙarfi, ba wanda ya taɓa jin komai. Shiru yake yi shekara talatin, arba'in, kuma ga mutane da yawa sallamarsa ta farko ita ce bugun. Kayan marmari da ganyaye kuwa ya ci abinsa, amfaninsu daban ne da na sinadari guda da aka tsame aka cusa a kafso.

Malam Garba Tsohon Hedimasta: 'Yata, tsoho ba ya son 'ya'yansa su ba shi umarni, ni shaida ne. Kada ki ce masa 'yar'uwarku ta yi kuskure, zai tsaya kare ta. Ki ce kina so ku je tare ya yi wa likitan tambayoyin da kansa, har da ta bitamin ɗin.

Maman Hanifa: Haka za a yi Baba, ranar Litinin yake da ganin likita. Nura, turo min sunan gwajin Ingilan nan ta akwatina, yayanmu ba ya yarda da magana sai ya gani a rubuce.

Nura Ɗalibi: Na tura, Yaya. Anti Dakta, ni da ke kuma ba mu gama ba, akwai maganar Lp(a), wani ɗan'uwan LDL da ke ɗauke da man da ya yi tsatsa a jini, bari in fito daga lakca.